Likitanci ko Koyar da Turanci a Ƙasar Waje: Amsa ga Wata Ɗaliba

Wata ɗaliba ce ta aiko da wannan tambaya. Ta ce shekarunta 23, ta kammala digirinta na farko a fannin kimiyyar halittu, kuma sakamakonta zai iya samar mata gurbi a makarantar likitanci. Tun tana ƙarama ake kiranta likita a gidansu, amma a 'yan shekarun nan zuciyarta ta karkata ga tafiya wata ƙasa ta koyar da Turanci, ta ga duniya, ta koyi wani harshe. Tana so a gaya mata wanda ya kamata ta ɗauka.

Ƙanwata, na karanta tambayarki fiye da sau ɗaya kafin in fara rubuta amsa, domin ni ma na taɓa tsayawa a wannan mararraba. Na yi shekara guda ina koyar da Turanci a wata ƙasa da ba a jin harshen a titunanta kafin in shiga makarantar likitanci, yanzu kuma na daɗe ina duba marasa lafiya, ina kuma koyar da masu son zama likitoci. Na ga alherin sana'o'in nan biyu da idona, saboda haka ba za ki ji na ƙasƙantar da ɗaya don in ɗaukaka ɗaya ba. Abin da nake so ki fara lura da shi shi ne, abubuwa biyun da kika ɗora a kan sikeli nauyinsu ba ɗaya ba ne. Koyar da Turanci a waje alkawari ne na shekara ɗaya, wanda idan ta ƙare kina iya sabunta kwantiragi, ko ki haɗa kayanki ki dawo ba tare da kin yi asarar wani abin kirki ba. Likitanci kuwa alkawari ne na shekara bakwai zuwa goma ko fiye kafin ki tsaya da ƙafafunki, kuma duk wanda ya yi nisa a cikinsa ba ya juyowa sai ya bar shekarunsa da dukiyar iyayensa a hanya. Don haka tambayar da ke gabanki a gaskiya guda ɗaya ce, wato ko kina son likitanci ko ba ki so. Idan kin amsa wannan, ɗayar ba za ta ba ki wahala ba.

Bari in shimfiɗa miki tsawon hanyar yadda take. A ƙasashe da yawa karatun likitanci shekara 5 ne ko 6 bayan sakandare, sai shekara ɗaya ko biyu na aikin horo a asibiti ƙarƙashin kulawar manya kafin a ba mutum cikakken lasisi. A Birtaniya yawanci shekara 5 ce a jami'a, ko 4 ga wanda ya riga ya yi wani digiri kamarki, sai shekara 2 na horon farko, sannan wasu 3 ga mai son zama likitan iyali. A Amurka sai an yi digirin farko na shekara 4, a ƙara 4 a makarantar likitanci, sannan a shiga horon ƙwarewa wanda yake ɗaukar shekara 3 ga likitan yara ko na cututtukan manya, 5 ga likitan tiyata, 7 ga mai tiyatar ƙwaƙwalwa. Ki lissafa da shekarunki. Idan kika fara a 24, sai kin haura 30 kafin a bar miki mara lafiya ki yanke hukunci a kansa ke kaɗai, kuma a waɗannan shekarun ne sa'o'inki za su yi aure, su haifi 'ya'ya, su gina abin da za su gina, ke kuwa kina tsakanin littafi da gadon mara lafiya. A Amurka yawancin masu kammala makarantar likitanci da bashi suke fitowa, kuma matsakaicin bashin ya kai kusan dala 200,000. Ko a inda gwamnati ke ɗaukar nauyin karatun, shekarun da aka yi ba a samun albashi su ma kuɗi ne da aka biya.

Amma tsawon karatu ba shi ne abin da ya fi karya mutane ba. Ɗaliba mai ƙoƙari irinki za ta ci jarrabawa, wannan ban damu da shi ba. Abin da ke rarrabe mutane shi ne aikin kansa, kuma ba a saninsa daga nesa, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ina tuna wani dare a shekarata ta farko ta aiki, wajen ƙarfe uku, aka shigo da yaro ɗan shekara biyu yana jijjiga, jikinsa zafi kamar garwashi. Na riga na yi awa goma sha takwas a tsaye, ban ci komai ba tun rana. Jijiyoyin yaron sun lafe saboda rashin ruwa a jiki, na soka allura sau uku ban samu ba, uwarsa tana riƙe da ƙafarsa tana kallon hannuna, ba ta ce komai ba. Sai a karo na huɗu, a bayan tafin ƙafarsa, na ga jini ya dawo cikin allurar. Ma'aikaciyar jinyar da ke tare da ni ta ɗaura ruwa, muka ba shi maganin tsayar da jijjiga, muka zauna muna ƙirga numfashinsa har gari ya waye. Ya rayu. A gadon da ke kusa da nasa, a wannan daren, wata yarinya ta rasu, kuma ni aka sa in fita in gaya wa mahaifinta. Da na koma ɗakin likitoci da safe, ban san abin da zan yi da zuciyata ba, farin ciki da baƙin ciki sun haɗu wuri ɗaya, ga kuma zagayen duba marasa lafiya yana jirana da ƙarfe takwas.

Na ba ki wannan labari ne don ki san cewa irin wannan dare ba sau ɗaya yake zuwa ba, shi ne aikin. A Amurka sai a 2003 aka kafa ƙa'idar cewa likita mai neman ƙwarewa kada ya wuce awa 80 a mako, kuma wannan adadi da aka ɗauka a matsayin sassauci ya ninka makon aikin yawancin ma'aikata sau biyu. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana matsananciyar gajiyar aiki a matsayin matsala da ke tasowa daga wurin aiki, ta kuma siffanta ta da abubuwa uku: ƙarewar ƙarfi, nisantar zuciya daga aikin, da jin cewa mutum ba ya tsinana komai. Likitoci suna cikin waɗanda suka fi sanin wannan hali. Abin da na lura da shi a tsakanin ɗalibaina shi ne, waɗanda suka shigo don su faranta wa iyaye, ko don sunan, ko don kawai sakamakonsu ya yi kyau kuma an ce masu sakamako mai kyau likitanci suke yi, su ne suka fi shan wuya idan aka kai shekara ta huɗu, lokacin da ake barin aji a shiga ɗakin marasa lafiya. A nan ne mutum yake gane cewa zai yi rayuwarsa cikin warin ciwo da kukan dangi da tambayoyin da ba su da amsa mai daɗi. Wasu kuma a nan ne idonsu ke buɗewa, su ji sun iso gida. Na ga ɗalibi wanda bai yi fice a jarrabawa ba, amma idan ya zauna a gefen gadon tsoho sai ka ga tsohon ya saki jiki yana ba shi labarin da bai ba kowa ba. Irin wannan ɗalibi ba a tambayarsa ko yana son aikin.

Saboda haka, kafin ki yanke komai, ki nemi izini ki yi makonni kina bin likita a asibiti, ko ki yi aikin sa-kai a ɗakin marasa lafiya. Kada ki tsaya a ɗakin ganin likita na safe inda komai yake a tsare. Ki roƙi a bar ki ki kwana a sashen gaggawa, ki ga ɗakin haihuwa, ki zauna da masu ciwon da ba ya warkewa. Gani ya kori ji. Idan kin koma gida a gajiye, ki lura da abin da zuciyarki ke yi: shin tana komawa kan matar nan ta gado na shida, kina son sanin ko zazzaɓinta ya sauka, ko kuwa addu'a kike yi kada gari ya waye? Amsar wannan ta fi duk wata shawara da ni ko wani zai ba ki.

Yanzu mu juya ga koyarwa. Hanyar shiga gajeriya ce idan aka kwatanta. Yawancin ƙasashe digirin farko suke nema, a kowane fanni, tare da takardar shaidar koyar da Turanci ga waɗanda ba harshensu ba ne. Wadda aka fi girmamawa ita ce CELTA ta Cambridge, wadda ake yi cikin mako huɗu ko biyar idan an ba ta cikakken lokaci, da awa 120 na darasi, da awa 6 na koyar da ɗalibai na gaske a gaban mai sa ido. Akwai makamanciyarta ta kwalejin Trinity da ke Landan. Akwai kuma tarin kwasa-kwasai a intanet masu araha, waɗanda wasunsu takarda kawai suke sayarwa, mutum ya gama bai taɓa tsayawa gaban aji ba. Ki guje su, domin ranar da kika tsaya gaban yara talatin da ba sa jin kalma ɗaya daga bakinki, takarda ba za ta cece ki ba. Daga cikin hanyoyin da suka fi tsari akwai shirin JET na gwamnatin Japan, wanda aka fara a 1987, inda ake ɗaukar mutum a matsayin mataimakin malami na shekara ɗaya, ana iya sabuntawa har zuwa shekara 5. Akwai EPIK na Koriya ta Kudu, wanda aka kafa a 1995, da ke tura malamai makarantun gwamnati tare da ba su masauki. Faransa da Sifaniya su ma suna da shirye-shiryen ɗaukar mataimakan malaman harshe, sai dai abin da suke biya na rufin asiri ne kawai, ba na tari ba. Ƙasashen yankin Gulf sun fi biya, amma jami'o'insu yawanci digiri na biyu da shekarun gogewa suke nema.

Akwai wani abu da tallace-tallacen wannan sana'a ba sa faɗa, kuma wajibi ne ki san shi tun kafin ki kashe kuɗinki. A wurare da dama fasfo ake dubawa kafin a dubi iya koyarwa. Koriya ta Kudu, alal misali, bizarta ta malaman Turanci galibi ga 'yan ƙasashe bakwai take bayarwa: Amurka, Kanada, Birtaniya, Ailan, Ostareliya, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu. Mutum yana iya yin duk karatunsa da Turanci tun daga firamare, ya fi wani Ba'amurke sanin nahawun harshen nesa ba kusa ba, amma a ƙi ko duba takardunsa saboda launin fasfonsa. A wasu makarantun kuɗi kuma, launin fata ma yana shiga cikin lissafi, domin abin da suke so su nuna wa iyayen yara ke nan. Wannan zalunci ne, kuma ƙungiyar malaman Turanci ta duniya, TESOL, ta fitar da matsayi a 2006 tana Allah wadai da nuna bambanci ga malaman da Turanci ba harshen uwarsu ba ne. Mafi yawan masu koyar da Turanci a duniya ma irinsu ne, kuma sau da yawa sun fi iya bayani, don sun bi hanyar da ɗalibin yake bi. Amma matsayin ƙungiya daban, dokar biza daban. Ki fara da binciken ƙasashen da fasfonki zai shiga a matsayin malama, daga shafukan ofisoshin jakadancinsu, ba daga bakin dillali ba. Kada kuma ki yarda da duk wanda ya ce ki shiga da bizar yawon buɗe ido, a gyara daga baya. Mai aiki ba bisa ƙa'ida ba ba ya da inda zai kai ƙara idan aka hana shi albashi.

Kasuwar kuma tana juyawa ba tare da sanarwa ba. A watan Yulin 2021 gwamnatin ƙasar Sin ta haramta wa kamfanoni neman riba ta hanyar koyar da yara darussan makaranta bayan an tashi, ta kuma hana ɗaukar malaman da ke zaune a ƙasashen waje su koyar da yaran ta intanet. Cikin 'yan watanni, dubban mutane a faɗin duniya da suka dogara da wannan aiki suka wayi gari ba su da shi. Shekara ɗaya kafin nan, annobar korona ta rufe makarantu da iyakoki, malamai da yawa suka maƙale a ƙasashen da ba nasu ba. Likita ba ya fuskantar irin wannan girgiza, domin muddin akwai mutane akwai ciwo, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi hasashen cewa zuwa 2030 duniya za ta yi ƙarancin ma'aikatan lafiya da yawansu ya kai miliyan 10. Ga kuma batun ci gaba. Albashin malamin Turanci mai takardar wata ɗaya yakan tsaya kusan inda ya fara, wanda ya yi shekara bakwai da wanda ya zo jiya ba su da wani bambanci mai yawa. Waɗanda suka mayar da ita sana'a ta rayuwa, kuma suna nan da yawa suna jin daɗinta, sun koma karatu ne: sun yi DELTA, wato takardar Cambridge da ke gaba da CELTA, ko digiri na biyu a fannin koyar da harshe, ko sun sami lasisin koyarwa suka shiga makarantun ƙasa da ƙasa, ko suka zama masu horar da malamai ko masu jarraba ɗalibai a IELTS, wato jarrabawar auna ƙwarewa a Turanci. Wannan hanya ce ta mutunci, amma ita ma tana son shekaru da jajircewa.

Duk da haka, ba zan bari ki ɗauka cewa shekarar da na yi ina koyarwa wahala ce kawai ba. Tana cikin mafi albarkar shekarun rayuwata. A ajina na yamma akwai wata mata mai kimanin shekara hamsin, wadda ta yi wata uku tana zama a kujerar baya, ba ta taɓa ɗaga hannu ba, idan na kira ta sai ta sunkuyar da kai. Tana riƙe da wani ƙaramin littafi da take rubuta kowace kalma a ciki da fensir. Wata rana bayan an tashi ta tsaya a bakin ƙofa har kowa ya fita, sannan ta dube ni ta haɗa jimla guda cikakkiya da Turanci, a hankali, kalma bayan kalma, tana gaya mini cewa jikarta da aka haifa a wata ƙasa ba ta jin harshensu, kuma jiya sun yi magana ta waya. Hannunta yana rawa a kan littafin. Ban manta da wannan tsayuwa ba har yau. A wannan shekarar ce kuma na san yadda mutum yake ji idan ya shiga kantin magani ba shi da kalmar da zai faɗi abin da ke damunsa, da yadda kaɗaici yake idan dare ya yi a garin da ba ka da kowa. Watanni ukun farko na sha kuka a ɓoye. Wannan ma ki sa shi a lissafi, domin hotunan da mutane ke ɗorawa a Instagram na ranakun hutu ne, ba na ranar Talata da ƙarfe bakwai na safe ba.

Abin da na samu a wancan aji ya bi ni har asibiti. Malamin harshe yana koyon ya dubi fuskar mutum ya gane cewa bai fahimta ba, ko da ya gyaɗa kai. Yana koyon ya faɗi abu ɗaya ta hanya uku, ya rage gudu, ya jure shiru har mai magana ya samo kalmarsa. Rabin aikin likita ke nan. Mai ciwon suga da bai gane yadda zai yi wa kansa allura ba, ilimin likitansa bai amfane shi da komai ba. Kwamitocin da ke tantance masu neman shiga makarantun likitanci sun san haka, shi ya sa shekarar da aka yi ana aiki na gaske a wata ƙasa ba ta zama aibi a takardar neman gurbi, matuƙar mutum zai iya bayyana abin da ya koyo.

Wannan ya kawo mu ga abin da nake ganin shi ne mafita ga mutane da yawa masu irin tambayarki. Taura biyu ba ta taunuwa a lokaci guda, amma ana iya tauna su ɗaya bayan ɗaya, kuma jerin yana da muhimmanci. Koyarwa kafin likitanci abu ne mai sauƙi. Koyarwa a tsakiyar likitanci abu ne mai wuya, domin horon a jere yake, kuma wanda ya fita daga layi yakan sha wahala kafin ya koma. Makarantun likitanci da yawa suna yarda wanda suka ba gurbi ya ɗage shigarsa da shekara ɗaya idan ya kawo dalili mai ma'ana, to idan haka ta samu, ki nemi gurbin tukuna, ki riƙe shi a hannu, sannan ki tafi. Idan ba ta samu ba, ki kula da wa'adin jarrabawar shiga: sakamakon MCAT na Amurka yawancin makarantu na shekara biyu zuwa uku kawai suke karɓa, na UCAT a Birtaniya kuwa na shekarar da aka rubuta shi ne kaɗai. Ki karɓi takardun shaida daga malamanki tun suna tune da fuskarki. Ki kuma sani cewa ilimin sinadarai da na halittu yana dushewa idan aka bar shi, saboda haka ki tafi da littattafanki.

Haɗarin wannan tsari ɗaya ne, kuma na ga ya ci mutane. Shekara ɗaya tana zama biyu, biyu ta zama biyar, ba don mutum ya zaɓi koyarwa ba, sai don sabunta kwantiragi ya fi zama a yi tunani sauƙi. Wanda ya zauna ya ce na ɗanɗana koyarwa, ita nake so, na bar likitanci har abada, wannan ya yi zaɓi, kuma ina girmama shi. Wanda nake tausaya wa shi ne mai shekara 35 da har yanzu yake cewa baɗi zai koma ya nemi gurbi, bai ba koyarwa zuciyarsa ba, bai kuma saki likitanci ba. Idan za ki tafi, ki rubuta ranar da za ki yanke hukunci, ki gaya wa wani babba da kike jin nauyinsa, ki ce ya tambaye ki idan ranar ta zo.

Akwai kuma yiwuwar cewa abin da ke jan ki ba koyarwa ba ce, tafiyar ce. Idan haka ne, ki sani likita ma yana tafiya, sai dai a makare kuma da wahala. Lasisin likita ba ya ƙetare iyaka da kansa: mai son aiki a Amurka sai ya ci jarrabawar lasisi ta USMLE, kuma yawanci sai ya sake horon ƙwarewa a can, mai son Birtaniya yawanci sai ya bi ta PLAB bayan ya nuna ƙwarewarsa a Turanci ta IELTS ko OET. Ƙungiyar likitocin nan ta Médecins Sans Frontières, wadda aka kafa a Faransa a 1971, tana tura likitoci ƙasashe masu yawa, amma sai wanda ya riga ya yi shekaru yana aiki take ɗauka. Ma'ana, likitanci zai iya kai ki duniya, amma sai bayan kin kai talatin da wani abu, kuma inda zai kai ki asibiti ne.

Game da mutanen gida da suke kiranki likita tun kina ƙarama, kada ki ɗauki wannan a matsayin ƙaramin abu, kada kuma ki ɗauke shi a matsayin hukunci. Iyaye suna faɗin haka ne don suna so ki sami sana'ar da ba za ki tagayyara ba, kuma tsoronsu game da koyarwa a waje yana da tushe, kamar yadda na nuna miki. Ki same su da ladabi, da tsari a hannu, ba da buri kawai ba: ga ƙasar, ga shirin, ga wanda zai ba da biza, ga inda zan zauna, ga ranar da zan dawo, ga abin da zan yi da batun likitanci. Yawancin iyaye idan suka ga an yi tunani sukan sassauta. Amma idan bayan kin kwana a asibiti kin tabbatar zuciyarki ba ta wurin, ki gaya musu gaskiya tun yanzu. Ɓacin ransu na wata shida ya fi sauƙi a kan ki fita a shekara ta huɗu bayan an kashe abin da aka kashe. Kuma marasa lafiya suna da haƙƙi a cikin wannan magana, domin suna gane likitan da ba ya son kasancewa a gabansu, ko bai faɗa ba.

Daga yadda kika tsara tambayarki, na lura kin faɗi abin da kike so game da koyarwa da bakinki, wato ganin duniya da koyon harshe, amma game da likitanci abin da wasu ke kiranki da kuma kyawun sakamakonki kika ambata. Ba ki ce kina son jinyar mutane ba. Wataƙila kina so, kawai ba ki rubuta ba, shi ya sa ba zan yanke miki hukunci a kan layi uku ba. Da ke ɗalibata ce kina zaune a gabana, zan ce ki ba asibiti wata biyu masu zuwa, har da kwanan dare. Idan kin fito kina ɗokin komawa, ki nemi gurbi a bana, ki roƙi ɗagewa na shekara ɗaya, ki yi CELTA, ki tafi ki koyar da zuciya ɗaya, ki dawo ki sa farar riga. Idan kin fito kina jin an sauke miki kaya, to ki bar likitanci ga wanda yake jiran wannan gurbi, ki ɗauki koyarwa da muhimmancin da ta cancanta, ki fara shirin digiri na biyu tun a shekararki ta biyu a waje. Idan kuma kin fito har yanzu zuciyarki a rabe take, ki tafi shekara ɗayan, amma ki nemi asibiti ko gidan kula da tsofaffi a garin da kika sauka, ki riƙa ba su yammacin Asabar ɗinki, sannan ki sake rubuto mini bayan wata tara ki gaya mini wanne daga cikin wuraren biyu kike ɗokin zuwa idan kin tashi da safe.